Tsoron Raini a Labarin Okonkwo: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Makarantu da Iyayen Yara a Legas

Zuwa ga masu makarantu da shugabannin sakandare na unguwannin da Hausawa suka fi yawa a Legas, tun daga Agege, Idi-Araba da Mile 12 har Obalende da Alaba Rago, da kuma iyayenmu na kwamitocin iyaye da malamai.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali. Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da yaranmu a wannan gari mai tsadar rayuwa.

Mu malaman adabi ne, kuma maganar littafi ɗaya ce ta kawo mu gabanku: Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda kamfanin Heinemann ya fara bugawa a Landan a 1958. A nan Legas aka rubuta shi, lokacin marubucin yana aiki a gidan rediyon gwamnati. Jerin littattafan WAEC da NECO yana sauyawa duk bayan 'yan shekaru, amma wannan littafin bai bar hannun malamai ba. Roƙonmu shi ne ku ware masa zangon karatu guda ga 'yan SS1, a kuma gyara yadda ake koyar da shi, domin a yadda ake yi yanzu rabin labarin yaro yake tafiya da shi, kuma rabin da ya fi cutarwa.

Ku tsayar da ɗalibi ku tambaye shi wane ne Okonkwo, wanda labarin littafin yake a kansa. Nan take zai zano muku: ɗan kokawar garin Umuofia na ƙasar Ibo da ya ka da Amalinze, wanda ake wa kirari da Kyanwa, yana ɗan shekara 18, bayan Amalinze ya shekara 7 bayansa bai taɓa ƙasa ba. Mata 3, 'ya'ya 8, rumbuna 2 maƙare da doya, sarautun gargajiya 2, kawunan mutum 5 daga fagen yaƙi. Iyayen da suka kalli shirin NTA na 1987 kuwa fuskar Pete Edochie da amon muryarsa suke tunawa. Duk wannan gaskiya ne, yana cikin littafin. Abin da ɗalibin ba zai faɗa muku ba shi ne abin da Achebe ya rubuta ɓaro-ɓaro a babi na 2, cewa tsoro ne ke jan ragamar rayuwar mutumin nan gaba ɗaya: tsoron gazawa, tsoron rauni, tsoron kada a wayi gari a ce ya yi kama da ubansa.

Uban, Unoka, mabushin sarewa ne, mai son kiɗa da bammi, ba ya taɓuka komai a gona, ga bashi iya wuya. Ya mutu bai riƙe sarauta ko ɗaya ba, da ciwon kumburi wanda al'adarsu ta hana a binne mai shi, aka kai shi mugun daji aka baro. Tun Okonkwo yana yaro wani abokin wasa ya ce masa ubansa agbala ne. Ranar ya gane cewa kalmar tana nufin mace, tana kuma nufin namijin da ba shi da sarauta. Da Hausa sunan wannan abu gori. An goranta masa uba, shi kuma ya ƙare rayuwarsa yana huce haushi a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Yaranmu na Legas sun san gori fiye da yadda manya ke zato. Ɗan mai gadi, ɗan mai ruwa, ɗan mai shayi, ɗan mai wankin takalmi, benci ɗaya yake zama da ɗan dillalin shanu ko ɗan mai canji. A bakin titi yana jin ana kiran ubansa "aboki" da muryar da babu abota a cikinta. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6 daga 1 ga Yuni 2022, akwai gidajen da yaro ya ga ubansa ya koma zaman gida, ko ya tattara ya koma Arewa. Mu kanmu kuma ba mu tsira ba, muna da namu gorin na sana'ar gado: ɗan maroƙi, ɗan mahauci, ɗan makaɗi. Yaron da ke ɗauke da irin wannan a ransa, in aka miƙa masa Okonkwo a matsayin namijin duniya abin koyi, darasin da zai ɗauka shi ne maganin raini a ji tsoronka. Za a ga abin a kan ƙannensa a gida, a kan 'yan JSS a makaranta, in ya girma kuma a kan matarsa.

Ga tsarin da muke ba da shawara. Littafin babi 25 ne, kashi uku: babi na 1 zuwa 13, na 14 zuwa 19, na 20 zuwa 25. Mako 10 ya isa, zama ɗaya a mako na minti 80, wato a haɗe darasi biyu wuri guda. A ba kashi na farko mako 6, sauran biyun mako bibbiyu. Malamai da yawa suna yin akasin haka, su yi sauri a farko don su isa wurin zuwan Turawa da coci, alhali tun kafin Bature ya taka Umuofia an gama gina halin Okonkwo. A kowane zama minti 25 karatu a bayyane, yara suna karɓa-karɓa, minti 15 fayyace kalmomi da al'adu, minti 30 tattaunawa, minti 10 rubutu. Littafi ɗaya ga ɗalibai 3 shi ne iyaka, ke nan ajin mutum 45 na buƙatar kwafi 15. A sayi cikakken littafin, a ƙirga babobin kafin a biya kuɗi. 'Yan ƙananan littattafan taƙaitawa da ake sayarwa a bakin makaranta kada su shiga ajin, domin abubuwan da suka faru kawai suke jerawa, su zubar da 'yan jimlolin da marubucin ya leƙa zuciyar Okonkwo, kuma a cikin waɗannan jimlolin maganar take.

A zaman farko lallai a karanta babi na 1 da na 2 tare. In aka tashi a kan kokawar Amalinze, yara za su yi mako guda da hoton jarumi a kansu, kuma kankare shi aiki ne.

Daga mako na biyu kowane ɗalibi ya buɗe shafi biyu a tsakiyar littafin rubutunsa. A na hagu ya ja layi ya raba gida uku: abin da Okonkwo ya yi, abin da ya faru ko aka faɗa daf da hakan, da kuma su wa ke kallo. Duk inda ya yi duka ko zagi ko kisa a cike layi guda. Babi na 4 kaɗai zai ba da layi uku. A taron dangi Osugo ya saɓa masa, shi kuma ko kallonsa bai yi ba ya ce taron na maza ne, don ya san Osugo ba shi da sarauta. Wato gorin da aka yi wa ubansa, shi ya ɗauko ya jefi wani da shi, har sai da dattijon taron ya tsawata masa ya ba da haƙuri. Sai dukan amaryarsa Ojiugo a Makon Zaman Lafiya, don ta tafi kitso ba ta dawo ta girka abincin rana ba. Ezeani, mai kula da tsafin ƙasa, ya ci shi tarar akuya, kaza, ƙyallen yadi da wuri 100. Littafin ya ce ya yi nadama a ransa, amma ba mutumin da zai bari maƙwabta su san ya yi kuskure ba ne. Sai barazanar da ya yi wa ɗansa Nwoye a kan yankan irin doya.

Babi na 5 ya cancanci a daɗe a kansa. Matarsa ta biyu Ekwefi ta yanki 'yan ganyen ayaba don ƙunshe abinci, ya ce an kashe masa ayaba, ya lakaɗa mata duka. Da ya sa a ɗauko masa bindiga zai tafi farauta, sai ta yi gunaguni a kan bindigar da ba ta taɓa harbin komai ba. Maganarta gaskiya ce, ko ɓera bai taɓa kashewa da ita ba, kuma gaskiyar ce ta sa ya juya ya ɗirka mata harbi, Allah ya sa bai same ta ba. A nan malami ya tsaya ya tambayi aji: me Bahaushe ke kiran wannan? Ba za a jima ba wani zai ce borin kunya, wata ta ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Kalmar da ta fito daga bakin yara ta fi wadda aka rubuta musu a allo zama a kai, saboda haka a yi haƙuri a jira ta. In ajin gauraye ne, a nemi 'yan Yarbawa da Ibo su ma su kawo tasu.

Babi na 7 shi ne ƙashin bayan littafin. Ikemefuna, yaron da aka karɓo daga Mbaino a matsayin diyya, ya shekara 3 a gidan Okonkwo yana kiransa baba. Da garin ya yanke hukuncin kashe shi, dattijo Ezeudu ya zo wurin Okonkwo takanas ya ce masa kada ya sa hannu a kisan yaron. Ya bi su duk da haka. Ya ja baya zuwa ƙarshen ayari, amma da yaron ya rugo wurinsa yana neman ceto, sai ya zaro adda ya sare shi. Dalilin da littafin ya bayar jimla ɗaya ce: yana tsoron a ce rago ne. Gidan "su wa ke kallo" a wannan layin shi ne zai buɗe wa ɗalibi ido.

Shafin dama kuma na abin da ya yi ne lokacin da babu idon maza a kansa. Bayan kisan Ikemefuna kwana 2 bai sa abinci a bakinsa ba, barci ya gagare shi, yana yi wa kansa faɗa wai yaushe ya zama tsohuwa mai rawar jiki. A babi na 9, da Ekwefi ta buga masa ƙofa da asuba cewa zazzaɓi ya kama 'yarsu Ezinma, zumbur ya miƙe ya shiga daji ya samo ganye da ɓawo, ya tsaya aka dafa, shi da kansa ya lulluɓe yarinyar ya yi mata surace. A babi na 11 da na 12, daren da Chielo, matar da ke hidimar tsafin garin, ta goya Ezinma zuwa kogon tsafi, ya ɗan jinkirta don kada a ga rawar jikinsa, sannan ya yi sawu 4 zuwa kogon, bai runtsa ba, bai kuma gaya wa kowa ba. (A ja hankalin yara cewa tsafin da Chielo ke wa hidima shi ma sunansa Agbala, da babban baƙi, kada su rikita shi da kalmar gorin.) In shafukan biyu suka cika aka ajiye su gefe da gefe, yaro zai ga mutum mai tausayi wanda yake ɓoye tausayinsa kamar abin kunya, yake baje zafinsa a kasuwa. Ba sai malami ya yi wa'azi ba.

Akwai ɗan wuri a babi na 8 da kusan kowa ke tsallakewa. Labari ya zo cewa tsoho Ndulue ya rasu, uwargidansa Ozoemena ta bi shi a ranar, aka ce ba ya yin komai sai ya shawarce ta. Okonkwo ya girgiza kai, ya ce shi da ya zaci mutumin jarumi ne a ƙuruciyarsa. Aka ce masa ai shi ke jagorantar Umuofia zuwa yaƙi a zamaninsa. Mu ma muna da "mijin tace", kuma 'yan shekara 15 sun iya faɗarsa. Minti 10 a kan wannan ba asara ba ce.

Sai a yi wa Unoka adalci. Malalaci ne, maci bashi, littafin bai wanke shi ba. Ranar da maƙwabcinsa Okoye ya zo karɓar wuri 200 da yake binsa, dariya ya yi ya nuna masa zanen alli a bango, kowane zane wuri 100, ya ce manyan basussuka zai fara biya. Amma a shekarar da damina ta lalace, bayan Okonkwo ya karɓo irin doya 800 daga attajiri Nwakibie a kan sharaɗin kashi ɗaya cikin uku ne nasa, Unokan nan ne ya lallashe shi. Ya ce masa mai girman kai yana iya jure asarar da ta shafi kowa, wadda ta fi ɗaci ita ce mutum ya faɗi shi kaɗai. Duk littafin babu wanda ya karanci Okonkwo kamar uban da yake jin kunyarsa. Wannan yana da muhimmanci ga yaron da ke sunkuyar da kai in an ambaci sana'ar ubansa.

Yanzu ga inda abin ke lalacewa, kuma a nan muke roƙon ku sa ido.

Tun makon farko yara za su laƙaba wa wani mai sanyin hali ko marar galihu suna Unoka ko agbala. Dalili a fili yake, an ba su sabon makamin gori. A kafa doka kafin a buɗe littafin, a gaya wa malamin aji da masu kula da ɗalibai, kuma wanda ya karya kada a zane shi, a sa shi ya rubuta shafi guda a kan yadda Osugo ya ji a taron nan. Malamin da ke koyar da babi na 5 da bulala a hannu, yara sun riga sun gane wane ne Okonkwon ajin.

Kada malami ya taɓa cewa yara su ba da labarin iyayensu maza a gaban aji, ko su rubuta shi a littafin da abokai za su gani. A cikinsu akwai marayu, akwai waɗanda uba ya saki uwa, akwai waɗanda ake duka a gida. Abin da aka faɗa a aji da ƙarfe 11, kafin a tashi ya zama abin tsokana. Tambaya ta tsaya a kan Nwoye: me ya sa yake nuna ya fi son labarin yaƙi alhali tatsuniyar uwarsa yake so, me ya sa ya koyi gunaguni a kan mata don ubansa ya ji daɗi? Yaron da abin ya shafa zai amsa a kan Nwoye, ya sauke nasa nauyin ba tare da ya tona asirin gidansu ba.

Ƙabilanci ma yana leƙowa. Wani zai ce ai haka Ibo suke. Amsar tana cikin littafin: Ezeani da ya ci shi tara, Ezeudu da ya gargaɗe shi, amininsa Obierika da ya ƙi zuwa kisan ya kuma faɗa masa gaskiya ido da ido, kawunsa Uchendu da ya hana shi shaƙe Nwoye a babi na 17, duk Ibo ne. Al'ummarsa tana girmama ƙarfi, amma shi ya wuce inda ta tsaya.

Wasu malaman kuma sukan zarce su mai da shi dodo, darasin ya koma shari'ar maza. Da zarar samari sun ji haka sai su ja bakinsu su tsuke, 'yan mata su yi ta dariya, an rasa waɗanda aka fi so su saurara. A tuna wa aji cewa mutumin nan ya fara daga babu, yana noman kashi yana ciyar da uwarsa da 'yan'uwansa mata 2 har da uban. Zuciyar nema abin yabo ce. Inda ta karkace ake so su gano. 'Yan mata kuwa a ba su Ekwefi, wadda ta haifi 10 ta binne 9, da Ezinma, wadda yabon da ubanta ya iya yi mata shi ne da ma namiji ce.

Iyaye za su tambaya a kan tsafi da bammi da shiga Kiristanci da ke cikin labarin, kuma suna da haƙƙi. A aika musu takarda mai shafi ɗaya da Hausa mako guda kafin a fara, a bayyana cewa labarin ƙasar Ibo ne a ƙarshen ƙarni na 19, a kuma faɗi abin da ake son yaro ya koya. In makarantar tana da malamin addini, a gayyace shi zama ɗaya bayan babi na 7. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai ƙarfi ba shi ne mai ka da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa lokacin fushi, kusan duk ɗan Islamiyya ya haddace shi, sai dai bai taɓa ganin ɗan kokawa na gaske an auna shi da shi ba.

Kashi na biyu ba ya buƙatar dogon bayani, sai wuri biyu. Na farko ya samo asali ne daga babi na 13, ƙarshen kashi na farko, inda bindigar Okonkwo ta fashe a jana'izar Ezeudu ta kashe ɗan mamacin mai shekara 16. Kisan kuskure a wurinsu laifi ne "na mace", hukuncinsa gudun hijira na shekara 7, kuma Mbanta ya tafi, garin uwarsa. Mutumin da ya ƙi duk abin da ya danganci mace, dangin uwa ne suka ba shi fili da irin shuka. Na biyu, ƙarshen babi na 17, inda yake zaune gaban wuta yana tunanin yadda aka yi ya haifi Nwoye, wato albasa ba ta yi halin ruwa ba, sai ya tuna yaron kakansa ya ɗauko, ya yi maza ya kori tunanin.

Babi na 24 da na 25 su ne masu haɗari. Bayan hukumar Turawa ta tsare shi da wasu shugabanni 5, an aske musu kai, an ci garin tarar buhun wuri 200 wadda masinjojin kotu suka ƙara wa 50, Okonkwo ya sare shugaban masinjoji a gaban taro, ya ga jama'a ba su bi bayansa ba, ya je ya kashe kansa. Kada a sa wannan zaman a darasin ƙarshe na ranar Juma'a, yara su tafi da shi gida kwana biyu babu wanda za su yi magana da shi. Kada a tsaya bayanin yadda ya yi, kada kuma a bari wani ya kira shi mutuwar jarumta ba a tanka ba. A koma babi na 14 a sake karanta maganar Uchendu, tsohon da ya ce ya auri mata 6, ya binne 'ya'ya 22, kuma ga shi yana raye. Malamin ba da shawara ya kasance a ajin ranar, inda babu shi a sa wani babban malami da yara suka saba da shi. Ɗalibin da aka ga ya yi tsit fiye da yadda aka san shi, ko ya rubuta abin da ya ɗaga hankali, a kira shi gefe a ranar, a sanar da shugaban makaranta, a tuntuɓi wanda ya fi kusa da shi a gida.

Jarrabawar ƙarshen zango ma a sauya mata tambaya. Maimakon a ce ɗalibi ya lissafa nasarorin Okonkwo, a ce ya zaɓi wurare 3 daga shafinsa na hagu da 2 daga na dama, ya bayyana abin da Okonkwo ke tsoro a kowanne, da lambar babi. Wanda ya dogara da littafin taƙaitawa ba zai iya amsawa ba.

Abin da muke nema daga gare ku, ranku ya daɗe, shi ne darasi biyu a haɗe a jadawalin mako, kuɗin kwafi 15 ga kowane aji, takardar iyaye, da zama ɗaya na awa 2 da malaman da za su koyar kafin zangon ya fara, domin kowannensu ya cike nasa shafukan biyu kafin ya tsaya gaban yara.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wasu malaman adabi a makarantun sakandare, Legas.